Ina Saƙo Ya Fara, Ina Ya Ƙare?

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata na zauna cikin kwamitin da ke tantance ayyukan kammala digiri na ɗaliban sashenmu. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai himma da ban taɓa kama shi da lalaci ba, ya gina manhajar da ke kwashe bayanan ɗalibai daga kwamfutar ofis tana kai su wata kwamfutar domin ajiya, ta yadda ko gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shigo, ba za a wayi gari babu sakamakon jarrabawa ba. Ya gwada ta a kwamfutarsa ta hannu sau ba adadi, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ranar tantancewa muka ce a ɗora ɓangaren da ke karɓar bayanan a wata kwamfuta da ke wani gini, a haɗa su ta layin sadarwar makaranta. Da farko komai ya tafi daidai. Can sai ga sunan wata ɗaliba ya manne da lambar wani ɗalibi, makin wannan ya koma gaban sunan wancan, daga nan kuma duk abin da ya biyo baya ya zama shirme.

Yaron ya dube ni, gumi na keto masa, ya ce, "Malam, wallahi jiya ta yi aiki." Na ce na yarda. Sai na tambaye shi, "Idan ka aika saƙo biyu a jere, wa ke gaya wa mai karɓa inda na farko ya ƙare?" Ya ce, "Ai TCP ce ke kula da wannan, Malam." A nan kuskuren yake, kuma ba shi kaɗai zai ɗauki laifin ba. Rabinsa namu ne, mu da muka ba shi sunayen matakan sadarwa bakwai ya haddace, amma ba mu taɓa nuna masa nauyin da kowane mataki ya ƙi ɗauka ba. Shi ya sa na ware filin wannan mako ga tambayar, musamman da yake ita ce ta hana manyan injiniyoyin duniya sakat na tsawon shekaru, lokacin da suka tashi ɗora zirga-zirgar rumbunan bayanai a kan hanyar intanet.

Hanyar da ba ta san iyaka ba

TCP ita ce ƙa'idar da ke ɗauke da mafi yawan abin da muke aikawa ta intanet. Vinton Cerf da Robert Kahn ne suka shimfiɗa tubalinta a wata maƙala ta 1974, aka kuma tsayar da ita a watan Satumba na 1981 cikin kundin da ake kira RFC 793, wanda Jon Postel ya tace. Alkawarinta a fili yake: duk bayit ɗin da ka ba ta zai isa, zai isa bisa jerin da ka ba da shi, kuma ba zai isa sau biyu ba. Iyakar alkawarin ke nan. Ba ta taɓa cewa za ta riƙe maka inda saƙo ya fara da inda ya ƙare ba. A wurinta bayanai kamar ruwa ne a kwarara. Tana yanka shi ƙunshi-ƙunshi gwargwadon abin da hanya za ta ɗauka, wanda a layin Ethernet na yau da kullum bai wuce bayit 1,460 ba. Tana iya haɗa ƙananan saƙonni biyu a ƙunshi guda, tana kuma iya raba saƙo ɗaya gida uku.

Duk wanda ya taɓa gyara rubutun Hausa ya san irin wannan ɓarna. Mai son rubuta "Binta ta fi Ladi" idan ya rubuta "Binta tafi Ladi", bai zubar da harafi ko ɗaya ba, bai kuma sauya jerinsu ba, amma ma'ana ta kauce. Haka "ma su" da "masu", haka "ko wa" da "kowa". TCP tana kawo haruffan cif-cif, amma ratar da ke tsakanin kalmomi ba ta cikin kayan da ta ɗauko. A kwamfutar ɗalibina saƙonnin suna isa ɗaya bayan ɗaya saboda babu tazara kuma babu cunkoso, sai ya zaci haka dokar take. Da aka fita fili sai gaskiya ta bayyana.

Ke nan mai aikawa ne zai sa wa saƙonsa iyaka, kuma dabarun da aka sani ba su da yawa. Ta farko ita ce a sa kowane saƙo ya zama tsawo ɗaya, abin da ke jawo asarar wuri idan saƙonnin sun bambanta. Ta biyu ita ce a keɓe wata alama da ke nufin "nan ne ƙarshe", kamar aya a ƙarshen jimla. Matsalarta ita ce alamar na iya faɗowa cikin bayanan kansu, don haka sai an riƙa bin bayanan ana sauya duk inda ta bayyana. Tsohuwar ƙa'idar HDLC tana amfani da jerin 01111110 a matsayin iyaka, kuma domin kada jerin ya fito a tsakiyar saƙo, mai aikawa yana cusa sifili bayan kowane ɗaya biyar da suka zo a jere. A ƙa'idar PPP, wadda muka yi amfani da ita zamanin shiga intanet ta layin tarho, irin wannan cushe na iya ninka girman saƙo idan aka yi rashin sa'a. Stuart Cheshire da Mary Baker na Jami'ar Stanford sun fito da wata dabara a 1997 da ta rage asarar zuwa kimanin bayit ɗaya cikin 254, amma duk da haka dole a taɓa kowane bayit. Dabara ta uku ita ce a rubuta tsawon saƙo a goshinsa: mai karɓa ya karanta goshin, ya ƙirga bayit ɗin da aka ambata, inda ƙirgar ta tsaya nan ne goshi na gaba. Ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi bi.

Da faifai ya hau titin kowa

Shekaru da yawa kwamfuta tana magana da faifan ajiyarta da wani harshen umarni da ake kira SCSI, ta gajeriyar waya. Da manyan kamfanoni suka fara tara faifansu a rumbu guda domin kwamfutoci da yawa su yi tarayya a kai, sai suka shimfiɗa masa hanya ta musamman mai suna Fibre Channel. Hanyar tana da sauri, kowane ƙunshi a cikinta yana da alamar farawa da ta ƙarewa, amma tana da tsada, kuma sai da ƙwararrunta. A ƙarshen shekarun 1990 injiniyoyin IBM da Cisco suka yi tambayar da ta dace: me zai hana a ɗora umarnin SCSI a kan TCP, a bi titin da kowa ke bi? Suka kai shawarar gaban ƙungiyar IETF, wadda ke tsara ƙa'idojin intanet, a shekarar 2000. Sakamakon shi ne iSCSI, wadda ta fito a watan Afrilu na 2004 cikin kundin RFC 3720, da sunan Julian Satran na IBM a sahun farko na marubutansa.

iSCSI ta zaɓi dabara ta uku. Kowane saƙonta yana da goshi mai bayit 48, wanda ke faɗin wane irin saƙo ne, na wane aiki ne, tsawon bayanan da ke biye, da kuma gurbin da za a ajiye su. Ba ta zaɓi alamar ƙarshe ba saboda faifai yana iya ɗauke da kowane irin jeri na lambobi, har da kwafin goshin iSCSI ɗin kansa. Babu wani jeri da za ka rantse ba zai fito daga faifan wani ba.

Muddin ƙunsoshi suna isowa a jere, wannan tsari ba shi da aibi. Burin masu ƙera katin sadarwa a lokacin shi ne katin ya karanta goshi, ya ɗauki bayanan ya zuba su kai tsaye a gurbinsu na ƙarshe cikin ma'adanar kwamfuta, ba tare da an sauke su a wani wuri an sake kwasa ba. Mai karatu ya ƙaddara 'yan dako ne ke sauke kaya daga jerin motoci, kowane kaya da takardarsa mai nuna shagon da za a kai shi. Sai dai a nan takardun suna binne cikin kayan, kuma ba ka gano inda takarda ta gaba take sai ka karanta ta baya ka ƙirga buhunan da ta ambata.

To yanzu a ce mota ɗaya ta maƙale a hanya, kuma ita ce ke ɗauke da takarda. TCP za ta sake aiko ta, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin damuwar shi ne motocin da ke bayanta, waɗanda ke ci gaba da isowa. Kayansu lafiya lau suke, takardunsu ma suna ciki, amma babu mai iya nuna inda suke, domin zaren ƙirga ya tsinke. Dole a jibge komai a tasha har sai wadda ta maƙale ta iso. Girman tashar kuwa lissafi ne mai sauƙi: saurin layi sau lokacin zuwa da dawowa. Layin da ke ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa yana zubo megabayit 1,250 a kowace daƙiƙa. Idan zuwa da dawowa na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kamar yadda yake tsakanin nahiyoyi, to sai an tanadi megabayit 125 domin jiran ƙunshi guda. A yau wannan adadi ba ya ɗaga wa kowa hankali. A farkon shekarun 2000, sanya ma'adana mai wannan girma da wannan sauri a kan katin sadarwa kuɗi ne masu yawa.

Alamar zango

Maganin da aka kawo ya yi kama da duwatsun da ake kafawa a gefen babbar hanya, masu gaya wa matafiyi saura kilomita nawa ya isa gari na gaba. Ko barci ya ɗauke ka a mota ka farka ba ka san inda kake ba, dutse na gaba zai daidaita maka lissafi, ba sai ka koma mafarin tafiya ba. A wani rataye na kundin RFC 3720 an tanadi cewa mai aikawa zai iya dasa alama a cikin kwararar bayanai bayan kowace tazara tsayayya, wadda idan ba a yi wata yarjejeniya ba take kamawa bayit 8,192. Alamar tana faɗin saura bayit nawa a kai goshi na gaba. Tunda TCP tana ba kowane bayit lambar jeri, mai karɓa yana iya lissafa inda alamar za ta faɗo ko da wani ƙunshi ya ɓata a baya. Ba ya neman ta da kamanninta, da lissafi yake gano ta, saboda haka babu fargabar ya rikita ta da bayanan faifai.

Akwai wata ƙaramar hikima a ciki da nake son nuna wa ɗalibai. Alamar bayit 8 ce, amma lambar da take ɗauke da ita bayit 4 ce, an rubuta ta sau biyu. Dalili shi ne TCP na iya yanka ƙunshi a tsakiyar alamar kanta. Idan kwafi biyu ne, duk inda wuƙar ta faɗa, ɗaya zai tsira cikakke a ɗayan ɓangarorin. Wanda ya yi wannan tunani ya zauna ya tambayi kansa abin da zai faru idan maganin ma ya gamu da cutar da ya zo warkarwa.

Wasu sun bi ta wasu ƙofofin. Ƙa'idar FCIP, wadda ta fito a 2004 domin ɗaukar ƙunsoshin Fibre Channel a kan TCP, tana rubuta wasu lambobin goshinta sau biyu, na biyun a juye, domin mai karɓa ya tabbatar cewa goshi na gaskiya yake karantawa. A watan Oktoba na 2007 kuma aka fito da MPA cikin kundin RFC 5044, domin katunan da ke zuba bayanai kai tsaye a ma'adanar wata kwamfuta. Ita tana dasa alamar bayit 4 a kowane bayit 512, asarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma alamarta baya take nunawa, zuwa mafarin saƙon da take cikinsa. Tana kuma neman mai aikawa ya daidaita farkon saƙo da farkon ƙunshin TCP. Mai karatu zai ce, idan an daidaita, mene ne amfanin alama? Amsar ita ce akwai na'urori a tsakiyar hanya, irin su katangar tsaro, da ke iya kwance ƙunsoshi su sake ɗaure su yadda suka ga dama. Abin da ka daidaita a gida ba lalle ya isa a daidaice ba.

Akwai kuma waɗanda suka ce a bar TCP gaba ɗaya. Tun watan Oktoba na 2000 aka fito da SCTP, ƙa'idar da ke riƙe iyakar saƙo da kanta. A kan takarda ita ce amsar. A aikace kuwa na'urorin tsakiyar hanya da yawa ba su san ta ba, manyan manhajojin kwamfuta ba duka suka zo da ita ba, masu saye kuma TCP suka sani suka amince da ita. Sabuwar hanya mai kyau ba ta cika rinjayar tsohuwar da kowa ya san ramukanta ba.

Yadda labarin ya ƙare

Alamar zangon iSCSI ba wajibi ba ce tun farko. Sai ɓangarorin biyu sun amince lokacin gaisuwar buɗe hulɗa, kuma idan ba a ce komai ba, a kashe take. A watan Afrilu na 2014, shekara goma cif bayan fitowarta, kundin RFC 7143 ya sabunta iSCSI, ya cire alamar gaba ɗaya. A fahimtata abubuwa uku ne suka kashe ta. Ma'adana ta yi araha. Masarrafar kwamfuta ta yi ƙarfin da manhaja kaɗai ke iya gudanar da iSCSI a kan katin sadarwa na gama-gari, kamar yadda aka gani tun da Microsoft ya saki manhajarsa ta iSCSI kyauta a 2003. Sannan mafi yawan zirga-zirgar rumbuna tana faruwa ne cikin gini ɗaya, inda tazara gajeriya ce kuma ƙunshi bai cika ɓata ba. Da aka zo ɗora NVMe, harshen sababbin faifai masu sauri, a kan TCP a ƙarshen 2018, an koma ga rubuta tsawo a goshi, babu wata alama.

Shin wahalar banza aka yi ke nan? Ban ɗauka haka ba. Matsalar da suka hango gaskiya ce, farashin kayan aiki ne ya sauya ya sa jurewa ta fi magani araha. Tun 1990 David Clark da David Tennenhouse na MIT suka yi nuni da cewa ya kamata kowane yanki na bayanai ya zo da bayanin kansa, yadda za a iya aiki da shi ko na gabansa bai iso ba. Wannan tunani ya sake ɓullowa a ƙa'idar QUIC ta 2021, inda kowane yanki ke ɗauke da lambar rafinsa da gurbinsa a cikin rafin, kuma ɓatan ƙunshi a rafi ɗaya ba ya tsayar da sauran. Duk lokacin da saurin layi ya ninka, tsohuwar tambayar sai ta dawo da sabuwar riga.

Abin da ya shafe mu

Darasi na farko na masu kula da bayanan jami'o'i, bankuna da ma'aikatunmu ne. Sharaɗin da ya sa duniya ta yi watsi da alamar zango shi ne gajeriyar hanya mai tsafta. Wanda ke kwafar rumbunsa daga Kano zuwa Legas ba shi da wannan gata. Tazarar ta kai kimanin kilomita 1,000, haske kuwa yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, ko da babu na'ura ko ɗaya a tsakani. A layin gigabit 10 wannan na nufin aƙalla megabayit 12.5 na kan hanya a kowane lokaci. Kafin a sa hannu a kwangila, a tambayi mai sayarwa abin da na'urarsa ke yi idan ƙunshi ya ɓata, a kuma gwada ta a kan ainihin layin da za ta yi aiki, kada a tsaya ga gwajin ɗakin baje koli. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, iSCSI tana da hatimin tantancewa mai bit 32 da ake iya sa wa goshi da kuma bayanai, amma shi ma zaɓi ne, kuma a kashe yake sai an kunna. Hatimin TCP na kanta bit 16 ne kawai, yana iya barin kuskure ya wuce. Idan lambar tsawo ta gurɓace a hanya ba a gane ba, mai karɓa zai ɗauki tsakiyar bayanai a matsayin goshi, kuma abin da ake rubutawa faifai ne, inda kuskure ke kwanciya shiru har ranar da aka buƙaci bayanan. Idan hatimin yana kunne, mafi munin abin da zai faru shi ne a yanke hulɗar a sake ƙulla ta. Ɗan jinkirin da kunna shi ke jawowa bai kai ɓacin sakamakon ɗalibi ɗaya ba.

Na uku namu ne, malamai. Lambar tsawo da'awa ce ta mai aikawa, kuma da'awa tana buƙatar bincike. A wannan watan na Afrilun 2014 ne aka bankaɗo ɓarakar Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL, wadda asalinta shi ne an yarda da tsawon da mai aikawa ya ambata ba tare da an auna shi da abin da ya aiko ba, sai kwamfutoci suka riƙa mayar da amsa haɗe da sirrin da ke ma'adanarsu, har kusan kilobayit 64 a kowace tambaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɗalibin da ya san sunayen matakai bakwai amma bai taɓa ganin saƙonsa ya tsage biyu a hanya ba, bai gama karatu ba, ko da mun ba shi takardar shaida.

Shi kuwa ɗalibina, kwamiti ya ba shi mako guda. Ya dawo ya sa bayit 4 na tsawo a goshin kowane saƙo, ya kuma gyara mai karɓa yadda zai yi ta karatu har sai adadin ya cika. Manhajar ta yi aiki tsakanin gine-ginen biyu ba tangarɗa. Yana tattara kayansa na ce masa, "To idan wani ya aiko maka goshi mai cewa saƙonsa gigabayit 4 ne fa?" Ya yi shiru, sannan ya ajiye jakar, ya sake buɗe kwamfutar. Daga wannan zangon na sauya darasin farko na kwas ɗin sadarwa da nake koyarwa: kowane ɗalibi sai ya rubuta manhajar da ke aika saƙo biyu, ya kai ta wani gini, ya ga abin da zai iso da idonsa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.